Ƙarfen Rataye Tawul

Bugu ɗaya Mairama ta yi wa ƙusar, sai ga ta ta nutse cikin bango har kai, kamar an soka tsinke a burodi. Ta tsaya riƙe da hama, baki buɗe. Ƙusar kankare ce fa, baƙa wuluk, irin wadda a gidan iyayenta na Tudun Gwandara sai ƙato ya yi gumi kafin ta shiga rabi. Ta sa yatsu biyu ta ja, ƙusar ta biyo ta salin-alin, farin gari yana zubowa kan tayil.

"Rami na uku ke nan," in ji wata murya daga kan gado.

Mairama ta yi wuf ta durƙusa tana gyara mayafi. Ita duk a zatonta barci yake yi. Surukinta ne, Malam Ja'afaru, mahaifin mijinta, kwance rigingine, idanu a rufe, hannun hagu a kan ciki inda aka ajiye masa shi tun safe.

"A yi haƙuri, Baba, na hana barci."

"Me ake son ratayawa ne haka?"

Ta dubi tsohuwar sandar labulen da ta jingine a kusurwa, ta dubi ƙasa. Gaskiyar ba ta faɗuwa, don haka bakinta ya cafko abin da ya fi kusa.

"Tawul ne, Baba."

"Tawul," ya maimaita a hankali, yadda maganarsa ta koma tun da ciwon ya same shi.

Shekara arba'in da uku Malam Ja'afaru ya yi yana kafinta. Daga cikin garin Lafiya har Adogi da Ashige, da wuya ka bi layi ba ka wuce gidan da shi ya buga wa rufi ba. Wata uku da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a bakin shagonsa, ɓarin hagu ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti, ɗansa Mahir ya ɗauko shi zuwa gidansu na Sabon Fegi. Gidan ciki biyu ne da falo, sai Mahir ya kira wani yaro mai aikin zamani ya raba falon gida biyu da allon jibsam, farin allon nan da ake yayi yanzu, ya zama tsoho yana da ɗakinsa da ƙofar banɗaki a ciki. Bango ya yi kyau, ba ƙarya, sumul kamar ƙwai, aka shafe shi da fenti ruwan madara. Ranar da aka shigo da Malam Ja'afaru ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kwali." Ita ce kalmar farko da ya faɗa a gidan.

Zama a bakin gado yana iya yi da kansa. Tafiya ma yana yi in akwai abin dafawa. Miƙewar ce ta gagara, sanda kuwa santsi take yi a kan tayil, an gwada an sha da ƙyar. Daga bakin gadon zuwa ƙofar banɗaki taku huɗu ne kacal, a gefen wannan bango, amma taku huɗun nan sun zama kamar daga nan zuwa Makurɗi. Mahir malamin gona ne a Ashige. Da asuba yakan kama mahaifinsa ya kai shi ya dawo da shi, ya hau babur, sai kuma dab da magariba. 'Yarsu Zulfa tana makarantar kwana. Tsakanin safiya da magariba ba kowa a gidan sai Mairama.

To, tsoho sai ya nemo wa kansa dabara, dabarar da ba wanda zai yi sai mai kunya irin tasa: ya daina shan ruwa. Wai don kada buƙata ta kama shi har ta kai matar ɗansa ta kama shi ta kai shi bayi. A watan Maris fa, a Lafiya, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake yi! Abin haushin ma, sana'ar Mairama zoɓo ce da kunun aya. Firiza cike, gari duk ana sha ana santi, amma mutumin da ke cikin gidanta leɓɓansa sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. A zuwansu asibiti na ƙarshe nas ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Madam, kuna ba shi ruwa kuwa? Ƙodarsa za ku kashe." Ran nan Mairama ta yi kuka a cikin keke har gida.

Ta gaya wa Mahir. Shi kuwa, namiji, sai ya shiga ya faɗa wa uban gatsau: "Haba Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ai Mairama 'yarka ce." Malam Ja'afaru ya juya fuska, kwana biyu bai yi magana da kowa ba. Daga nan Mahir ya ce za a sa ƙarfen dafawa ranar Asabar. Yaron da ya yi bangon kuwa wayarsa kullum a kashe, an ce ya tafi aiki Abuja. Asabar biyu suka wuce. Jiya da rana Mairama ta ga da idonta tsoho yana haɗiyar ƙwayar magani a bushe, maƙogwaro yana sama yana ƙasa, ido ya kawo ruwa. Shi ya sa yau Talata, Mahir yana fita, ta ɗauko hama.

Ta share farin garin, ta ajiye masa waya kusa da hannun dama, ta kawo kofin ruwa da ƙanƙara a ciki ta ɗora kan kujera.

"Zan leƙa kasuwa, Baba, yanzu zan dawo. Ga ruwa nan."

"An gode. Ba na jin ƙishi."

A layin masu kayan gini shago biyu ta fara shiga. Duka biyun maza ne, kowanne ya debo mata fisha, 'yar robar nan da ake cusawa a rami kafin a ɗaura sukuru, ya rantse mata ko saniya ta rataya za ta zauna. Rantsuwar ce ta yi yawa, shi ya sa ta wuce. A shago na uku aka ƙwala mata kira.

"Maman Zulfa mai zoɓo! Yau ba kular zoɓo, ba robobi? Me ya kawo ka layin siminti?"

Madam Erdoo ce, 'yar ƙabilar Tibi, ƙatuwar mace mai dariya kamar tsawa, wadda duk Juma'a take sayen kunun aya roba shida. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Amma in batun sanin kaya ne, duk layin ba mai ja da ita. Mairama ta kwance bakin mayafi ta nuna mata ƙusar, har yanzu fari fat da gari. Madam Erdoo ta dafe ƙirji ta kwashe da dariya.

"Jibsam! Kai ma ka buga ƙusar kankare a jibsam? Wayyo ni. Kowace rana sai mutum uku ya zo mini da wannan kuka. Zo, zo ka gani."

A bayan kantar shagon akwai wani guntun allo da aka kafa a tsaye, duk ya sha huda kamar rariya. Nan take koya wa masu saye. Ta cusa fisha, ta ɗaura sukuru, ta sa yatsa ɗaya ta fizgo shi.

"Wannan na bulo ne. Bulo yana da ciki. Jibsam ba shi da ciki, bayansa iska ne. Wanda ya ce ka saya wannan, ba ya tsoron Allah."

Ta ɗauko wani fari, gajere, mai faffaɗan zare kamar katantanwa, ta murza shi ya ci allon da kansa.

"Wannan yana da haƙori. Agogo, kalanda, hoton aure, duka zai riƙe. Ko auren ya mutu, hoto yana nan."

Sai da Mairama ta yi dariya duk da abin da ke cin ta. Na ukun shi ya tafi da hankalinta. Dogon sukuru ne mai fukafukai biyu na ƙarfe. Madam Erdoo ta naɗe fukafukan ta tura cikin rami, aka ji ƙas, suka buɗe a bayan allon, ta ɗaure tam. Ta ɗauko bokitin fenti cike ta rataya. Allo ko gezau.

"Shi nake so," in ji Mairama da sauri. "Ba ni guda goma."

"Tsaya, abeg. Me za ka rataya?"

"Abu ne dai mai nauyi."

"Talabijin? Kanta? Fanka?"

Mairama ta waiga ko akwai mai ji. Ta matso, ta rage murya.

"Mutum ne."

Ta faɗa mata komai, da taku huɗun, da kofin ruwan da ke wuni a cike. Abin da ta kasa faɗa a cikin gidanta sai ga shi yana fita a sauƙaƙe a tsakanin buhunan siminti. Dariyar Madam Erdoo ta ɗauke. Ta sauke bokitin fentin, ta kama sukurun da hannu biyu, ta jingina baya ta fizga da dukan jikinta. Ɓarak! Allo ya ɓalle, guntu kamar faifai ya biyo ta, fukafukan suna rungume da shi.

"Ka gani? Ƙarfe bai yi laifi ba, ya riƙe amana. Allo ne ya tafi da shi. Fenti yana zaune shiru, mutum kuma fizga yake yi. Ba zan sayar maka ba, Maman Zulfa. In tsoho ya faɗi, ni da kai za mu amsa a gaban Allah."

Ta jefar da guntun, ta kakkaɓe hannu a zani.

"Babana, Iorkyaa, haka ya yi a Adogi. Ya ƙi cin sakwara, wai ba ya jin yunwa. Mutumin da yake cinye malmala uku! Tsofaffi duka ɗaya ne, na coci da na masallaci."

"To yanzu yaya zan yi?"

"A bayan allo akwai katako, a tsaye, nan da can. Shi ne ƙashin bango. Sukuru ya wuce allo ya shiga katako, shi ke nan, ko ni na yi lilo ba abin da zai faru."

Ta shiga ciki ta jawo bututun ƙarfe mai kauri, tsawonsa ya fi Mairama, da ƙafafu huɗu masu zamewa a jikinsa, a kai su duk inda katako yake. Ta ƙirgo dogayen sukuru masu inci uku ta zuba a takarda.

"Amma ta yaya zan ga katako ta cikin allo? Wanda ya yi bangon ba ya gari."

"Ba a gani. Ji ake yi. Ka nemo kafinta, amma tsoho, wanda kunnensa ya sha hama. Yaran yanzu sai sun yi maka rami ashirin kafin su samu ɗaya."

Sai Mairama ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Mene ne kuma?"

"Ina da shi a gida, Madam. Shi ne a kwance."

Mai keken da ya ɗauko ta tun daga kasuwa yake mita, wai bututun ya leƙo waje zai tsone wa 'yan acaɓa ido. Ita kuwa tunaninta yana kan yadda za ta roƙi tsoho ya taimaka a yi abin da ba za a iya kiran sunansa a gabansa ba.

Ta tarar an yi azahar. Dutsen taimamarsa yana gefen filo, alamar ya yi sallarsa a zaune. Ƙanƙarar ta narke, ruwan yana nan yadda ta bar shi. Ta yi sallama, ta shigo da bututun da ƙyar, ya bugi ƙofa ya yi ƙara. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, wai an ce akwai katako a bayan allon nan. Ni kuwa ban san yadda ake gane shi ba."

Malam Ja'afaru ya buɗe ido. Ya bi bututun da kallo tun daga wannan kai har wancan. Ya dubi kaurinsa, ya dubi dogayen sukurun da ke cikin takarda. Mairama ta zuba masa ido. In ya juya fuska yanzu, shi ke nan, wani kwana biyun ne, kuma jikinsa ba shi da kwana biyun da zai bayar.

"Wannan duk na tawul ne?"

"E, Baba. Tawul ɗin Baban Zulfa manya ne. In sun jiƙe nauyi gare su."

Wata kaza ta yi kuka a maƙwabta.

"Haka ne," in ji shi. "Tawul in ya sha ruwa ba ƙaramin nauyi gare shi ba. A ɗauko min akwatina."

Akwatin kayan aikinsa yana ƙarƙashin gadonsu tun ranar da aka rufe shagon, Mahir ya ɓoye shi wai kada ganinsa ya tayar wa tsoho hankali. Ta jawo shi ta buɗe a gabansa. Warin man inji da tsohon katako ya cika ɗakin. Malam Ja'afaru ya yunƙura ya zauna a bakin gado, ya sa hannun dama ya shafa kayan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaida 'yan'uwa. Ya zaro wani guntun fensir ya saƙale a bayan kunne. Wallahi nan take sai da ya rage shekara goma.

Ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa bangon da ke gabansa da bayan yatsa. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ya matsa kaɗan. Ƙwan, ƙwan. Ya ƙara matsawa. Ɗif.

"An ji?"

"Ban ji bambanci ba, Baba."

"A sake saurara. Wannan yana amsawa, don ba komai a cikinsa. Wannan kuwa ya haɗiye maganar."

Ta kasa kunne. Ai kuwa sai ta ji. Ya zana ɗan gicciye da fensir. Inda hannunsa bai kai ba ita ta karɓa, tana bugawa da ƙotar sukudireba, shi yana zaune ido a rufe, kai a karkace.

"Gaba. Gaba. An wuce. Baya kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu. Nan."

Da suka samu na uku ya buɗe ido ya auna tazarar da kallo, ya ja tsaki mai tsawo.

"Ɗan banzan yaro! Ko tef ɗin awo bai riƙe ba. Wannan taku ɗaya, wancan taku ɗaya da rabi. Da a hannuna ya koyi aiki, da ya ci ƙotar hama. Sai fenti, sai sheƙi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Rabon da Mairama ta ji ya jera magana haka tun kafin ya kwanta. Sai dai muryar tana kakkaryewa, harshen yana mannewa. Ta ga ya saci kallon kofin ruwan, ya kau da kai. Ita ma ta yi kamar ba ta gani ba.

Saura tsayi. Ta ɗaga bututun daidai kafaɗarta, inda duk mai hankali zai rataye tawul, ta tsaya tana jira. Malam Ja'afaru ya gyara zama, ya dasa ƙafar dama a ƙasa, ya miƙa hannu gaba, ya ɗora tafinsa a bango can ƙasa, daidai inda hannun mai son tashi zai kama.

"Tawul ya fi son nan," in ji shi, bai dube ta ba.

"To, Baba. Dama na ga kamar can ya yi masa sama."

Ya sa ta fara buɗa hanya da siririyar ƙusa. Da ta zaro sai ga jan garin katako a bakinta maimakon fari, ta nuna masa, ya gyaɗa kai. Sukurun farko ya shiga rabi ya cije. Ta murɗa, ta murɗa, sukudireba yana zamewa.

"A kawo sabulu."

"Sabulu, Baba?"

"Na wanki. A goga wa zaren."

Ta goga. Sukuru ya shige kamar ana kiransa. Haka suka bi su, ƙafa huɗu, kowace sukuru biyu. Wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya, gumi ya jiƙa mata riga har baya. A na biyar tafin hannunta ya yi bororo. A na shida bororon ya fashe, hannun ya karkace, sukuru ya fara tafiya a gicciye.

"Ke! Miƙe hannunki! Sukuru ba a roƙonsa, danna shi ake yi! Sa ƙirjinki a kai!"

Dukansu suka yi cak. Shekara goma sha huɗu tana gidan ɗansa, bai taɓa ce mata ke ba, balle tsawa. Ya yi gyaran murya, ya shiga neman wani abu a cikin akwati wanda ba ya nan. Ita kuwa daɗi ne ya rufe ta, daɗin da ba ta san daga ina ya fito ba. Haka yake yi wa Mahir. Haka yake yi wa nasa. Ta sunkuyar da kai don kada ya ga murmushin, ta sa ƙirji ta danna.

Da na takwas ya zauna, ya ce a gwada. Ta kama ƙarfen da hannu biyu ta ja. Ya ce ba haka ba, a saki jiki gaba ɗaya. Mairama, uwar 'ya budurwa, ta naɗe ƙafafu ta yi lilo a gaban surukinta kamar 'yar firamare. Ko ƙis bango bai yi ba.

"Zai riƙe tawul," in ji Malam Ja'afaru.

Ta je ta ɗauko tawul na gaske, shuɗi, ta ninke ta rataya a can ƙarshen ƙarfen. Ta share gari, ta mayar da kaya cikin akwati, ta bar akwatin a nan kusa da ƙafarsa. Ta duba tayil ko akwai danshi, ta kawar da tabarma daga hanya, ta tura ƙofar banɗaki ta bar ta a buɗe kamar da mantuwa.

"Ni zan koma kan aikina, Baba."

"A huta gajiya."

Ta ja masa ƙofa. Amma ƙafafunta ba su kai ta ko'ina ba, a falo ta tsaya, a ɗaya gefen bangon, ta jingina kafaɗa. Minti biyar ba motsi. Sai ta ji gado ya yi ƙara. Ta ji numfashinsa, ta ji ya ce bismillahi, ras, kamar a kunnenta yake faɗa. Sai kuma shiru. Ya fasa.

Nan ta gane. Yadda take jin sa haka yake jin ta. Ya san tana nan tsaye tana ƙirga masa numfashi, kuma muddin tana nan, ba zai tashi ba. Mutumin da ya zaɓi ƙishin watan Maris a kan a kama masa hannu, ai ba zai yarda a saurari tafiyarsa zuwa bayi ba.

Ta fita tsakar gida da takun da za a ji. Rana ta karkata, siminti yana huci. Ta jawo turmi daga gindin mangwaro, ta ɗauko taɓarya. Ta duba hagu da dama, ba citta, ba kanumfari, ba gero, duk ta daka tun jiya. Ta tsaya riƙe da taɓaryar. In ta fara daka, zai san ba ta jin sa. Amma da gasken ba za ta ji shi ba. In hannunsa ya zame, in ƙafar hagun ta harɗe, in ya kira, ba za ta ji ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta tuna jan garin katakon nan a bakin ƙusa. Ta ce, "Ya Allah, ga bawanka nan." Ta ɗaga taɓarya ta saki.

Ta yi ta daka. Bororon hannunta yana zafi kamar ta damƙi garwashi, ba ta tsaya ba. Sau biyu zuciyarta ta ce ɗan dakata ki saurara, sau biyu ta ƙi. Ta ƙara da lugude, tana jefa taɓarya tana tafawa kamar a gidan biki, ita kaɗai a tsakar gida, gumi yana shiga mata ido. Ladanin unguwa ya kira la'asar, ta ji shi sama-sama. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba.

"Maman Zulfa."

Taɓarya ta tsaya a sama. Daga taga muryar ta fito. Ta waiga. Fuskar Malam Ja'afaru ce a bayan raga, can sama, a tsayin mutumin da ke tsaye da ƙafafunsa. Hular ta karkace, yana haki, gemunsa yana ɗigar ruwan alwala.

"Na'am, Baba."

"A zuba wani abu a turmin nan, kada ya tsage."

Kunya ta kama Mairama kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ta saki taɓarya ta ja mayafi ta rufe fuska, dariya da hawaye suka haɗe mata wuri guda.

"To, Baba."

"Sannan zoɓon nan da nake jin ƙamshinsa kullum, in da saura, a kawo. A babban kofi."

Ta share ido da bakin mayafi, ta daidaita murya.

"Mai citta ko marar citta, Baba?"

Ya ɗan yi tunani, yana mayar da numfashi.

"Duka," in ji shi.